Kyamarar Zafi: Amfaninta da Iyakarta Wajen Tantance Lafiyar Dabbobi

Gabatarwa

Ya kai manomi mai kiwo, da kai malamin gona mai zagaya ƙauyuka da rugage, ka san cewa tun zamanin kaka da kakanni, idan aka yi shakkar lafiyar saniya, akan fara ne da taɓa kunnenta ko gindin ƙahonta domin a ji ko jikinta ya yi zafi, sannan a dubi hancinta a ga ko ya bushe. Wannan dabara tana da tushe, domin zazzaɓi da kumburi suna daga cikin alamomin farko na akasarin cututtuka masu yaɗuwa. Sai dai hannu ba ya ba da adadi, kuma mutum ɗaya ba zai iya bin shanu ɗari biyu yana taɓa kowace da safe ba.

A yau akwai wata na'ura da ake kira kyamarar zafi, wadda ke ɗaukar hoton ɗumin jikin dabba daga nesa ba tare da an kama ta ko an kayar da ita ba. Ƙananan irinta, waɗanda ake maƙalawa a jikin wayar salula, sun fara shiga kasuwa tun wajen shekarar 2014, kuma masu sayar da su sukan yi musu kirari fiye da ƙima. Manufar wannan bayani ita ce ka san abin da na'urar take iya yi, da abin da ya fi ƙarfinta, domin kada ka yi asarar kuɗinka, kada kuma ka saki dabba mai ciwo cikin garke saboda hoto ya nuna maka lafiyarta ƙalau.

Yadda na'urar take aiki

Idan ka zauna kusa da garwashi a lokacin hunturu, kana jin ɗumi a fuskarka alhali ba ka taɓa wutar ba. Abin da ya iso gare ka wani irin haske ne wanda ido ba ya gani, masana suna kiran sa infirared. Wani masanin taurari a ƙasar Ingila mai suna Wiliyam Hashel ne ya gano shi a shekarar 1800, yayin da ya rarraba hasken rana zuwa launukansa, ya aza ma'aunin zafi a gefen jan launi inda ba a ganin komai, ya ga ma'aunin ya hau. Kowane abu yana fitar da wannan haske: mutum, da dabba, da bango, da ƙasa. Gwargwadon zafin abu, gwargwadon yawan hasken da yake fitarwa.

Kyamarar tana karɓar wannan haske ne ta mayar da shi hoto mai launuka. A yawancin na'urori, wuri mai zafi yakan fito fari ko ja, matsakaici ya fito ruwan ɗorawa ko kore, mai sanyi kuma ya fito shuɗi ko baƙi. Ita kanta ba ta harba komai a jikin dabba, saboda haka ba ta da illa ga saniya mai ciki, ko ga madara, ko ga mai riƙe da ita.

Ga abin da ya wajaba ka riƙe kafin komai: zafin saman fata kaɗai take gani. Ba ta leƙa cikin jiki kamar hoton ƙashi na asibiti, ba ta ganin ƙwayar cuta, ba ta ma gani ta cikin gilashin taga. Abin da ya sa take da amfani shi ne, jini ne ke ɗauko zafi daga cikin jiki zuwa fata. Inda aka sami kumburi, jini yakan taru, wurin ya yi zafi. Inda jini ya daina isa, wurin ya yi sanyi.

Darasi daga filayen jiragen sama

An fara amfani da wannan hanya a kan jama'a masu yawa ne a shekarar 2003, lokacin annobar SARS, inda ƙasar Singafo ta kafa irin waɗannan kyamarori a filin jirgin samanta domin tare masu zazzaɓi. Mu ma a Nijeriya mun ga awon zafin matafiya a shekarar 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙasar nan a matsayin wadda ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara. A shekarar 2020 kuwa, da zuwan korona, awon zafi ya kai har ƙofofin bankuna da makarantu.

Abin da aka koya a waɗannan shekaru yana da muhimmanci ga mai kiwo. A ƙasar Kanada an auna dubban ɗaruruwan matafiya da kyamarar zafi a lokacin SARS, amma ba a kama ko mutum ɗaya mai cutar ta wannan hanya ba. Ebola takan ɗauki kwana 2 zuwa 21 a jikin mutum kafin zazzaɓi ya fito, kuma a tsawon wannan lokaci mutum zai wuce gaban kyamara ba ta ce komai ba. Masu korona da yawa ba su yi zazzaɓi ba sam. Abin da ya taimaki Nijeriya a kan Ebola shi ne bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya, da killace su, da gwajin jini. Haka al'amarin yake a garke: kyamara tana taimaka wa killacewa da gwaji, amma ba ta maye gurbinsu.

Tantancewa dabam, gano ciwo dabam

Ka ɗauki kyamarar zafi tamkar rariya. Aikin rariya shi ne ta raba gari da tsaki. Ba ita ce za ta gaya maka ko tsakin na dawa ne ko na gero ba. Idan ka ratsa shanu ɗari ta gaban kyamara, za ta ware maka kaɗan waɗanda jikinsu ya fi na sauran zafi. Daga nan aikin ya koma hannun ma'aunin zafi na dubura, sannan hannun likitan dabbobi. Ma'aunin dubura shi ne alƙalin da hukuncinsa ke tsayawa, domin shi ne ke auna zafin cikin jiki.

Ga zafin jikin dabbobi masu lafiya a ma'aunin dubura, bisa digirin Salshiyas:

Saniya babba: 38.0 zuwa 39.3
Maraƙi: 38.5 zuwa 39.5
Tunkiya: 38.3 zuwa 39.9
Akuya: 38.5 zuwa 39.7
Doki: 37.2 zuwa 38.3
Kaza: 40.6 zuwa 43.0

Raƙumi ya fita dabam, domin idan yana cikin ƙishirwa zafin jikinsa yakan sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya haura 40 da la'asar, alhali lafiyarsa lau.

Ka lura da cewa tazarar da ke tsakanin saniya mai lafiya da mai zazzaɓi ba ta cika wuce digiri ɗaya zuwa biyu ba. Kyamarori da yawa da ke kasuwa kuwa, waɗanda aka ƙera domin duba wayoyin lantarki da injuna, suna iya kuskuren digiri 2, ƙananan na waya ma har digiri 3. Ashe ke nan kuskuren na'urar yana iya fin zazzaɓin da kake nema. Saboda haka kada ka dogara da adadin da ta rubuta. Ka dogara da kwatanci: wannan saniya da 'yan'uwanta da ke tsaye tare da ita, ƙafar dama da ta hagu, wannan nono da wancan.

Wuraren da take da amfani

1. Zazzaɓi. Gashi yana rufe zafin jiki kamar bargo, don haka ba a auna dabba a gadon baya ko a haƙarƙari. Wurin da ya fi dacewa shi ne kusurwar ido ta wajen hanci, inda hawaye ke taruwa, domin babu gashi a wurin kuma jijiyoyin jini suna kusa da fata. Masu bincike a tashar binciken aikin gona ta Lacombe da ke lardin Alberta a Kanada sun nuna cewa zafin idon maruƙan da suka kamu da ciwo yakan fara hawa kwanaki kafin mai kiwo ya ga wata alama. Ka sani cewa zafin ido yakan gaza na dubura, don haka kada ka gwada adadinsa da jerin da ke sama.

2. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru. Wannan ciwo yakan ɓoye kwana 2 zuwa 14, kuma dabba tana iya yaɗa shi tun kafin ƙuraje su fito mata. Wani bincike da aka buga a shekarar 2009, wanda aka gudanar a cibiyar cututtukan dabbobi ta tsibirin Plum a Amurka, ya nuna cewa ƙafafun shanun da suka kamu sukan yi zafi kafin ƙurajen su bayyana. Amma binciken ya kuma nuna cewa kyamarar tana tsallake wasu masu ciwon. Amfaninta a nan shi ne ta nuna maka waɗanda za a fara buɗe wa baki a duba, da waɗanda za a ɗebi samfuri daga jikinsu.

3. Ciwon hantsa. Hantsar saniya tana da ɓangare huɗu, kowanne da nononsa, kuma sau da yawa ciwon yakan fara ne a ɓangare ɗaya. Akwai matakin da madara take fita fara tas, hantsa ba ta kumbura ba, amma yawan madarar yana raguwa kullum. A wannan mataki ɓangaren da ya kamu yana iya fin sauran zafi. A ɗauki hoton kafin tatsa, kafin a wanke hantsa, kuma kafin maraƙi ya sha. Idan an ga bambanci, sai a tabbatar da gwajin madara da ake kira CMT, wanda ake yi a faranti mai rami huɗu. Idan kuwa ɓangare ya yi sanyi ƙwarai kuma fatarsa ta sauya launi, to naman wurin ya fara mutuwa, a nemi likita a ranar.

4. Ɗingishi da ruɓewar kofato. Wannan ya fi yawa da damina, musamman ga tumaki da awaki da ke kwana a cikin caɓi. A wanke ƙafafu, a bari su bushe sarai, sannan a dubi wurin da fata ta haɗu da kofato. Idan ƙafa ɗaya ta fi takwararta da digiri ɗaya ko fiye, a ɗaga ta a bincika ko akwai ƙaya, ko ƙusa, ko ruɓa a tsakanin kofato.

5. Shanun huɗa, jakuna da dawaki. Karkiyar da ba ta zauna daidai ba takan ci wuyan sa, haka akumari ga jaki da sirdi ga doki. Kafin fata ta fashe ta zama gyambo, wurin yakan yi zafi. Idan dabbar ta huta a inuwa, sauran jikinta ya huce, amma wuri ɗaya ya ci gaba da nuna zafi, to a gyara karkiyar ko a sa mata ƙunshin tsumma. San da ya yi gyambo a tsakiyar damina ya bar mai shi da gona ba huɗa.

6. Ɗakin kaji. Gashin kaza ba ya barin a ga zafin jikinta sai a fuska da ƙafafu, don haka amfanin kyamara a nan ya fi ƙarfi wajen duba ɗakin kansa. 'Yan tsaki suna buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 kowane mako. Hoto ɗaya zai nuna maka kusurwar da iska ke shigowa, da wurin da shimfiɗa ta jiƙe a ƙarƙashin mazubin ruwa, da inda kwanon rufi ke sauko da zafi a watan Afrilu.

Abubuwan da ke ruɗar na'urar

An gudanar da yawancin binciken da aka ambata ne a cikin rufaffun ɗakuna a ƙasashe masu sanyi. Yanayinmu ya sha bamban, kuma wajibi ne ka yi la'akari da waɗannan abubuwa.

Rana ita ce babbar mai ruɗi. Idan Bunaji fara da Rahaji ja suka tsaya a rana ɗaya, bayan Rahaji zai fi zafi a hoto, saboda launi mai duhu ya fi shan rana. Ko a jikin saniya ɗaya, gefen da ke fuskantar rana zai fi ɗayan.

Iskar hunturu tana sanyaya fata, har dabba mai zazzaɓi ta fito kamar mai lafiya. Haka ruwa yake yi: dabbar da ta fito daga rafi, ko aka yi mata wankan kaska, ko ruwan sama ya doke ta, za ta nuna sanyi. Taɓo da kashin shanu da suka bushe a ƙafa suna rufe zafin da ke ƙarƙashinsu.

Tafiya da firgita suna ɗaga zafin jiki. Shanun da aka koro daga nesa zuwa kasuwa irin ta Potiskum ko Maigatari ko Mubi, ko aka sauke daga mota yanzu, duk za su nuna zafi. Saniyar da ta tashi daga kwanciya za ta nuna zafi a gefen da ta kwanta a kai. Zafin jikin dabba kuma yakan fi hawa da yamma bisa ga safiya.

Magani ma yana ɓoye zazzaɓi. Dabbar da aka yi wa allurar sauke zafi kafin a kai ta kasuwa za ta wuce gaban kyamara, har da ma'aunin dubura, ba a gane ba.

Ƙa'idojin ɗaukar hoto

1. A yi aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga, a ƙarƙashin rumfa ko inuwa, inda iska ba ta kaɗawa.
2. A bar dabbobi su huta a inuwar na aƙalla minti 20 kafin a fara.
3. A kunna na'urar a bar ta ta ɗan jima kafin hoton farko, domin ta daidaita da yanayin wurin.
4. A saita ma'aunin fitar zafi na na'urar a kan 0.98, wanda shi ne ya dace da fata.
5. A tsaya a tazara ɗaya ga kowace dabba, kimanin mita ɗaya, a fuskanci wurin kai-tsaye, ba a karkace ba.
6. A kwatanta dabbobi masu kama da juna: maruƙa da maruƙa, masu tatsa da masu tatsa.
7. Duk wadda ta fita dabam a ware ta, a auna ta da ma'aunin dubura. A shafa wa ma'aunin ɗan mai, a sa shi ya jingina da bangon dubura, kada ya nutse cikin kashi, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sa wa wata.
8. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan dabba ko lambarta, da adadin kyamara, da na ma'aunin dubura. Bayan 'yan makonni wannan littafi zai nuna maka yadda na'urarka take da gaskiya a garkenka.

Cututtukan da ba ta gani

Da yawa daga cikin cututtukan da suka fi cin dukiyar mai kiwo ba sa zuwa da zazzaɓi mai tsayawa. Tsutsar ciki da ciwon hanta suna ramar da dabba a hankali ba tare da jiki ya yi zafi ba. Bakkale, mai sa ɓari, yakan zauna a jikin saniya ba alama, kuma yana kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Tarin fuka na shanu yakan yi watanni a ɓoye. Zazzaɓin sammore yana zuwa yana tafiya, ta yiwu ranar da ka ɗauki hoto ya sauka. Saniyar da ta warke daga ciwon huhu tana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar a huhunta tana yaɗawa, jikinta kuwa ba zafi. Ciwon saifa kuma yakan kashe dabba cikin sa'o'i, kafin a yi tunanin ɗauko kyamara. Waɗannan duka sai gwajin jini, ko na kashi, ko na fata, wanda likitan dabbobi zai yi ko ya aika da samfuri zuwa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Saboda haka, duk dabbar da ka sayo, ko da hotonta ya yi kyau, ka killace ta mako uku zuwa huɗu nesa da garke, da mazubin ruwanta dabam, kana auna ta kana lura da cinta da tuƙarta. Kada kuma ka fasa allurar rigakafi ta shekara-shekara don ka mallaki na'ura.

Wannan gargaɗi ya shafi lafiyar iyalinka ma. Idan wani ya zo da kyamarar zafi yana cewa tana gano kowace irin cuta a jikin mutum, ka yi hattara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi cewa hoton zafi ba ya maye gurbin hoton asibiti na musamman da ake yi domin gano sankarar mama. Mai zazzaɓi ko mai ƙari a jiki, asibiti ne wurin zuwansa.

Wa ya kamata ya saya?

Idan awakinka goma ne ko shanunka biyar, ba ka buƙatar kyamara. Ma'aunin dubura na zamani mai batir, wanda ake samu a kantin magani da kuɗi kaɗan, ya ishe ka, kuma ya fi ta gaskiya. Kyamarar ta fi dacewa da inda dabbobi suke da yawa kuma kama su ɗaya bayan ɗaya yake da wuya: gonakin madara, wuraren kiwon turka, manyan gidajen kaji, mahauta, da ofisoshin likitocin dabbobi. Ƙungiyar masu kiwo tana iya haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya, ta damƙa ta ga mutum ɗaya da aka horar.

Kada ka ɗauki ƙaramin ma'aunin nan mai kama da bindiga, wanda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona, a matsayin kyamarar zafi. Wuri ɗaya tak yake aunawa, ba ya ba da hoto, kuma an saita shi ne domin goshin ɗan Adam. Idan aka nuna shi a jikin saniya, zafin gashinta zai auna.

Kai kuma malamin gona, kafin ka shawarci manomi ya saya, ka nemi a gwada na'urar a gabanka a kan dabbobi ashirin ko talatin, a auna kowace da ma'aunin dubura, ka ga ko waɗanda kyamarar ta ware su ne masu zafin da gaske.

Kammalawa

Kyamarar zafi tana rage wahalar kama dabbobi, tana kuma iya nuna maka ciwo kwana ɗaya ko biyu kafin idonka ya gan shi. A ciwo mai yaɗuwa, waɗannan kwanaki suna iya zama bambanci tsakanin ware saniya ɗaya da jinyar garke duka. Amma ribarta tana samuwa ne idan an ɗauki hoto a inuwa da sassafe, an kwatanta dabba da 'yar'uwarta, an tabbatar da ma'aunin dubura, an kuma kai rahoto. Idan ka ga dabbobi da yawa sun yi zazzaɓi lokaci ɗaya, ko kaji suna mutuwa ba zato, ka dakatar da shige da fice a garken, kada ka kai ko ɗaya kasuwa, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarka ba tare da jinkiri ba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya albarkaci kiwonmu da nomanmu, amin.